Kobla: Girkin Talakan Amurka Da Rigimar 'Ya'yan Itacen Da Ba Wanda Ya Shuka

A farkon watan Yuli, a ƙauyukan da ke gindin tsaunukan Afalashiya a gabashin Amurka, tun rana ba ta ɗaga ba ake ganin mutane a bakin gonaki da gefen tsofaffin hanyoyi, kowa da bokiti rataye a ƙugu. Lokacin zafi ne mai gumi, amma duk sun sa riga mai dogon hannu, sun cusa ƙafar wando cikin safa. Ƙaya suke gudu, da kaska, da wasu mitsi-mitsin ƙwari jajaye masu shiga ƙarƙashin tufafi su bar mutum da susa har mako guda. Wanda ya saba yakan riƙe sanda ya bubbuga ciyawa kafin ya jefa ƙafa, domin maciji ma yana son inuwar sarƙaƙiya.

Blakberi suke nema, wani ɗan itace baƙi wanda girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, ƙananan ƙwayoyi ne cure wuri guda, yana fitowa a jikin rassa masu ƙaya da ke yaɗo. Ja bai nuna ba. Baƙin da ke sheƙi ma da saura. Wanda ake so shi ne wanda baƙinsa ya dushe, da an taɓa shi sai ya faɗo a tafin hannu. Idan sai an ja shi da ƙarfi, a bar shi, domin wannan ɗan itace ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi.

Kafin la'asar, rabin abin da aka tsinko ya shiga kaskon ƙarfe, an lulluɓe shi da kwaɓin fulawa, yana tafarfasa a obin. Wannan shi ne kobla, abin zaƙin da gidajen karkarar Amurka suka yi kusan shekara 200 suna ci bayan abinci.

Tsohon girki ya dawo da farin jini

A 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, Amurkawa sun koma gashi har sai da fulawa da yis suka yi ƙamfa a kantuna. A daidai lokacin kuma mutanen birni suka fara fita bayan gari neman abin da jeji ke bayarwa kyauta. Annobar ta wuce, ɗabi'ar ta zauna. A TikTok da Instagram, bidiyon tsinkar 'ya'yan itacen jeji da gasa su a kasko yana samun masu kallo miliyoyi.

Tsadar kayan abinci ta ƙara rura wutar. Ɗan ƙaramin kwalin blakberi na kanti, wanda bai cika kofi biyu ba, yakan kai dala uku zuwa biyar, alhali kobla guda tana cin kofi biyar ko shida. Mai bokiti da ke da sarƙaƙiya a bayan gida yana iya tara wannan cikin awa guda.

Sai dai da masu bokiti suka yi yawa, wata tsohuwar tambaya ta sake tasowa: ɗan itacen da ba wanda ya shuka, na waye ne?

Abincin da rashi ya haifa

Turawan da suka yi ƙaura daga Ingila sun zo da al'adar fai, wato kwaɓin fulawa da ake murzawa a shimfiɗa ƙasa da sama, a zuba 'ya'yan itace a tsakiya. Yin fai yana buƙatar tebur, da muciyar murji, da obin mai kyau, da lokaci. Matar da ke zaune a bukkar katako a bakin daji, ga 'ya'ya ga aikin gona, ba ta da ko ɗaya daga ciki a wadace. Abin da take da shi tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku da murfi mai baki, wadda ake girkawa a kan garwashi a kuma zuba wani garwashin a kan murfin. Sai ta zuba 'ya'yan itacen a ciki, ta yayyaga kwaɓin da hannu ta jejjefa a kai, ta rufe.

Littafin girki na Lettice Bryan, The Kentucky Housewife, wanda ya fito a 1839, yana cikin na farko da suka ambaci kobla. Marubuciyar ta ɗauke ta a matsayin abincin iyali, wanda ba a cika fitar wa manyan baƙi ba. Wannan martabar ta bi ta har yau, kuma a ganina ita ce ƙarfinta: girki ne da ba ya neman ado.

Bekin hoda ce ta sauya mata kama. Alfred Bird ya haɗa irin tasa a Ingila a 1843, sannan Eben Horsford, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, ya inganta ta a Amurka daga 1856. Daga nan kwaɓi ya riƙa tashi nan take ba tare da jiran yis ba. Masu dafa wa makiyayan shanu abinci a Texas, waɗanda ke bin garke da keken doki mai ɗauke da kayan girki, sun riƙa yin kobla da busassun 'ya'yan itace ko na gwangwani a tsakiyar fili.

A Kudu kuwa, hannun mata baƙaƙe ne ya fi raya wannan girki. Edna Lewis, wadda aka haifa a 1916 a Freetown ta jihar Bajiniya, ƙauyen da 'yantattun bayi suka kafa har da kakanta, ta rubuta yadda rayuwar ƙauyen ke bin yanayin shekara a littafinta The Taste of Country Cooking na 1976. Tsinkar 'ya'yan itacen jeji a lokacin zafi tana cikin abin da ta ba muhimmanci, kuma littafin ya sa manyan masu girki na birni sun daina raina abincin karkarar Kudu.

Yadda ake yin ta

Aikin yana farawa tun a jeji. Ba a cika bokiti mai zurfi, domin na sama za su danne na ƙasa su fashe. Kuma ba a ajiye su, kwana ɗaya ko biyu sun fara fumfuna. Da an iso gida sai a jiƙa su na 'yan mintoci a ruwan sanyi da ɗan gishiri. Dalili shi ne wani ƙaramin ƙuda da ya shigo Amurka daga Asiya wajen 2008 yana saka ƙwai cikin nunannen ɗan itace, ruwan gishirin ne ke fito da tsutsar. A ɗauraye a hankali, a baza a kan tsumma su tsane.

Ga kasko mai faɗin kamar taƙi guda da rabi, ana zuba kofi biyar zuwa shida na 'ya'yan itacen, da sukari rabin kofi zuwa kofi ɗaya, da babban cokali biyu na garin sitacin masara, da ɗan gishiri. A nan ne mai girki ke bambanta da mai bin takarda. Na jeji sun fi na gona ƙanƙanta da tsami da yawan ƙwallo, kuma na wannan sarƙaƙiya ba ɗaya suke da na waccan ba. Wanda ya nuna a rana ya fi na inuwa zaƙi, shekarar da ruwa ya yi yawa kuma sukan yi salam. Don haka sai an ɗanɗana kafin a auna sukari. In sun yi zaƙi da yawa a matsa ɗan lemun tsami, in suna da tsaminsu a bar su haka.

Sai kwaɓin sama. Fulawa kofi ɗaya da rabi, bekin hoda ƙaramin cokali biyu, sukari babban cokali uku, gishiri kaɗan, da bota kimanin giram 85 wadda aka fito da ita daga firij yanzu-yanzu. Ana yanka botar ƙanana, a murtsuke ta cikin fulawar da kan yatsu, da sauri, har garin ya yi tsaki-tsaki amma ana ganin gutsattsarin bota kamar ƙwayar wake. Waɗannan gutsattsarin su ne sirrin. Idan suka shiga wuta da sanyinsu, ruwan da ke cikinsu ya zama tururi ya buɗa ƙananan ramuka, kwaɓin ya fito sakayau. Idan botar ta narke a hannu tun kafin gashi, sai a samu abu mai nauyi da maiƙo.

Ana zuba madara ko tsala kamar kashi uku cikin huɗu na kofi, a juya da cokali sau kaɗan, da zarar busasshen gari ya ɓace a tsaya. Yawan juyi yana sa fulawa ta yi danƙo, wanda burodi ke so amma kobla ba ta so. Tsofaffin matan Kudu sun fi son tsala, kuma suna ƙara ɗan bekin soda saboda tsaminta.

Daga nan a ɗebo kwaɓin da cokali a jejjera a kan 'ya'yan itacen, a bar tazara tsakani. Ba a shafe saman gaba ɗaya, tururi na buƙatar hanyar fita, in ba haka ba ƙasan kwaɓin zai jiƙe ya ƙi gasuwa. A barbaɗa sukari a kai, a sa a obin mai zafin digiri 190 na kimanin minti 40.

Agogo ba shi ke yanke hukunci ba. Sama zai iya yin ja alhali ciki bai yi ba. Abin dubawa shi ne ruwan, wanda ya koma launin shuni mai duhu, ya riƙa ɓulɓulowa a tsakiyar kaskon, ba a gefe kaɗai ba, domin sitaci ba ya kama ruwa sai ya tafasa. Bayan an sauke kuma a yi haƙurin minti 20 zuwa 30. Wanda ya sa cokali da wuri zai tarar da ruwa tsululu, wanda ya jira zai samu romo mai kauri da ke manne wa cokali.

Mai karatu da ke son gwadawa a gida Nijeriya yana iya amfani da sitiroberin da ake nomawa a Filato, ko mangwaro mai ɗan tsami. Ma'aunin kwaɓin bai canza ba, sukarin ne za a rage.

Kowane yanki da nasa hannu

Musu kan wace ce kobla ta gaskiya ba ya ƙarewa a Amurka. Wasu na bin hanyar da aka bayyana a sama. Wasu, musamman a Kudu, sai su narkar da bota a kaskon, su kwaɓa kofin fulawa da kofin sukari da kofin madara ya yi ruwa-ruwa su zuba, su watsa 'ya'yan itacen a kai, kwaɓin ya taso ya haɗiye su yayin gashi. Wasu kuma murza kwaɓin suke yi su yanka shi zare-zare, su nutsa wani a cikin romon, su saƙa sauran a sama.

A ƙaramar hukumar Surry ta Karolina ta Arewa akwai irin tasu mai zurfi da yawan romo da suke kira sonka, ana cin ta da miyar madara da sukari. An yi ta ne don ɗan abin da aka samu ya ishi ma'aikatan gona da yawa. Fiye da shekara 40 ke nan suna yi mata biki a ranar Asabar ta farkon Oktoba a wani tsohon gida mai suna Edwards-Franklin.

Shinge da allon gargaɗi

Duk Bahaushen da ya tashi a ƙauye ya san cewa yaro ba ya neman izini kafin ya tsinci kanya ko magarya a jeji. Haka abin yake a yawancin Amurka a da. Filin da ba a killace ba, kowa na iya ratsawa ya yi farauta ko tsinka, ko da yana da mai shi.

Abin ya sauya bayan yaƙin basasa da ya ƙare a 1865. Jihohin Kudu da dama sun tsaurara dokokin shiga filin wani, kuma masana tarihin shari'a sun nuna cewa ɗaya daga cikin manufofin shi ne toshe wa 'yantattun bayi hanyar ciyar da kansu daga jeji, domin yunwa ta mayar da su aikin gonar tsofaffin iyayengijinsu. Alexis Nikole Nelson, matashiyar nan ta jihar Ohayo da ta yi suna a intanet wajen koyar da cin tsirran jeji, wadda ta samu lambar yabo ta James Beard a 2022, ta sha jan hankali kan wannan tarihi, da yadda har yanzu baƙar fata mai yawo da kwando a daji ke fuskantar kallon tuhuma.

Masu filaye su ma suna da ƙorafinsu, kuma ba na banza ba ne. Ana barin ƙofar shinge a buɗe shanu su fice, ana zubar da shara, ana tattake shuka, sannan suna tsoron wani ya ji rauni a filinsu ya kai su kotu. A Suwidin da Finlan doka ta ba kowa damar shiga daji ya tsinki 'ya'yan itace ko filin na wani ne, in dai bai yi ɓarna ba. A Amurka allon gargaɗi ne ke maƙale a jikin bishiya, don haka mai son kobla ko dai ya roƙi mai fili, ko ya nufi dajin gwamnati.

Rigimar hakulberi

A dajin gwamnatin ne rigimar ta fi zafi. A arewa maso yamma, a tsaunukan Idaho da Montana da Washinton, akwai hakulberi, ɗan ƙaramin ɗan itace mai launin shuni da ƙamshi mai ƙarfi, wanda masu kobla ke ɗauka a matsayin sarki. Idaho ta ayyana shi ɗan itacen jiha a 2000, Montana ta bi sahu a 2023. Ɗan'uwansa bluberi ya shiga gona tun 1916, bayan aikin Elizabeth White da Frederick Coville a Niyu Jazi. Shi kuwa hakulberi ya ƙi. Masu bincike sun shafe shekaru suna ƙoƙari, har yau ba a noma shi a sikelin kasuwa. Duk kwalbar jam da duk koblar hakulberin da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, daga dutse aka tsinko ta da hannu. Shi ya sa galan guda kan haura dala 50, a shekarar ƙaranci ya tasam ma 100.

Ga ƙabilar Yakama da maƙwabtansu, wannan ɗan itace yana cikin abincin da suke girmamawa, ba sa fara tsinka sai sun yi bikin godiya. Yarjejeniyar da suka ƙulla da gwamnatin Amurka a 1855 ta tabbatar musu da haƙƙin ci gaba da tsinka a buɗaɗɗun filayen da ba wanda ya mallaka. A lokacin karayar tattalin arziƙi ta shekarun 1930, dubban marasa aiki suka kwararo filayen Sawtooth kusa da Dutsen Adams don tsinka su sayar. A 1932 sarkin Yakama William Yallup da shugaban gandun dajin, J. R. Bruckart, suka yi musabiha a kan cewa wani ɓangare na filayen zai zama na 'yan asalin ƙasa kaɗai. Alƙawarin yana nan, akwai alluna a bakin hanya da ke tunatar da shi, amma dattawan ƙabilar sun daɗe suna kukan cewa ana ƙetare iyakar.

Kukan nasu ya wuce batun iyaka. Suna cewa 'yan kasuwa na isowa kafin ɗan itacen ya gama nuna, wasu na amfani da manjagara mai tsige ganye da rassa duk da an hana, wasu ma sare reshen suke yi gaba ɗaya. Ga kuma filayen da kansu suna tsukewa. A da 'yan asalin ƙasa na sa wa wuraren wuta lokaci-lokaci don kada manyan bishiyoyi su rufe su. Da hukuma ta hana ƙona daji na kusan ƙarni guda, sai bishiyoyi suka mamaye, inuwa ta rage yabanya. Zafi da fari na 'yan shekarun nan sun ƙara dagula lissafi. Akwai kuma mai haƙƙin da ba ya zuwa taro: dabbar beya, wadda ke dogara da hakulberi don tara kitse kafin dogon barcin hunturu. Shekarar da ya yi ƙaranci, beya kan gangaro cikin gari neman abinci a kwandon shara, sau da yawa kuma a nan ajalinta yake.

A 2025 hukumar gandun dajin Gifford Pinchot, inda a da ake fitar da dubun-dubatar galan a shekara, ta dakatar da ba da lasisin tsinka don kasuwanci. Mai tsinka don gidansa yana nan da izininsa na kyauta, galan ɗaya a rana, uku a shekara. Ƙabilun sun yi maraba. Masu tsinka don sayarwa kuwa, waɗanda da yawansu baƙi ne daga kudu maso gabashin Asiya da Latin Amurka da talakawan ƙauyukan da masana'antar katako ta mutu ta bari, sun rasa kuɗin shigar da suke jira duk ƙarshen bazara. Ƙananan kamfanonin jam da gidajen abinci su ma sun koka.

Ina ganin hukumar ta yi daidai. Galan uku ya ishi gida yin kobla sau da yawa, kuma haƙƙin da aka rubuta tun 1855 ya riga kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Amma ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan talakan da ke durƙushe a kan dutse yana tsinka, a manta da masu saye a birni da suka ɗaga farashin, da kuma manufar hana wuta da ta ci filayen tun kafin a haife shi.

Inda ya yi yawa har ya zama annoba

Abin mamaki, 'yan sa'o'i kaɗan a mota daga waɗannan tsaunuka, matsalar akasin haka ce. A 1885 shahararren mai haɗa irin shuka Luther Burbank ya fara yaɗa wani blakberi da ya laƙaba wa sunan Himalaya, duk da asalinsa daga yankin Armeniya ne. Tsuntsaye suka ci suka watsa ƙwallon. Yau ya mamaye gefen titi da layin dogo da bakin rafi daga Kalifoniya har Kanada, reshe guda kan kai mita shida ko fiye, duk inda kansa ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa. Jihar Washinton ta sa shi cikin jerin miyagun ciyayi, a birnin Siyatil har hayar garken awaki ake yi su cinye shi. Ya danne blakberin asalin yankin, wani siriri mai rarrafe a ƙasa wanda ke nuna da wuri, wanda kuma masana girki ke cewa ya fi shi ɗanɗano nesa ba kusa ba.

Wannan baƙon blakberi, duk wanda ya tsinke shi bai rage wa kowa komai ba, kuma a watan Agusta yana nan kyauta ga mai haƙurin ƙaya. Ya fi na asali ruwa da zaƙi, don haka koblarsa na son ƙarin sitaci da matsin lemun tsami. Hattara biyu ake yi wa sabon shiga. Na farko, a guji na bakin babban titi da layin dogo da ƙarƙashin wayar lantarki, domin nan ne ake fesa maganin kashe ciyawa, kuma ganyen da ya yi rawaya ko ya nannaɗe ba lokacinsa ba alama ce ta feshi. Na biyu, a san abin da ake tsinka. Blakberi da 'yan'uwansa masu curarrun ƙwayoyi ba su da haɗari, amma ƙananan 'ya'ya masu santsi irin hakulberi suna da masu kama da su da ke da guba, shi ya sa ake so wanda bai saba ba ya yi fitarsa ta farko tare da wanda ya san dajin.